Dashen Inji a Motar Ɗaukar Kaya: Yadda Ake Zaɓen Inji da Wayoyinsa a Abuja

Gabatarwa

A daminar shekarar 2023, motar kawuna ƙirar Hilux, wadda yake jigilar doya da ita daga ƙauyukan Kwali zuwa kasuwannin Abuja, ta faɗa wani kwari da ruwa ya cika. Ruwan ya bi ta bututun iska ya shiga cikin silinda, nan take injin ya buga. Da aka kwance shi a gareji, sai aka tarar sandar fistin guda ta lanƙwashe har ta fasa jikin injin. Bakanike ya ce gyara ba zai yiwu ba, sai dai a sa wani. Kawu ya tattara ɗan abin da ya tara, ya haɗa da rance, ya sayo inji lafiyayye. Duk da haka motar ta yi wata uku cur a gareji ba ta tashi ba, domin an sayo injin ba tare da wayoyinsa ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu abubuwan da ake dubawa wajen zaɓen injin da za a dasa wa motar ɗaukar kaya, da kuma dalilin da ya sa wayoyi suka zama rabin cinikin. Daga ƙarshe za a waiwayi kalmomin da ake amfani da su a gareji, kasancewar mu ɗaliban harshe ne, kuma gareji wuri ne da Hausa take aro da ƙirƙira a kullum.

Mene Ne Dashen Inji?

Dashen inji shi ne a cire injin mota a sa mata wani wanda aka ciro daga jikin wata motar. Iri biyu ne. Na farko shi ne a mayar da irin wanda aka cire, lamba ɗaya, ƙira ɗaya. Wannan ba shi da wata wahala, domin ƙafafun inji da giya da wayoyi duk za su hau. Na biyu shi ne a sa wani iri dabam, ko don wancan ya yi wuyar samu, ko don ana neman ƙarin ƙarfi, ko don ana neman rage shan mai. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar shan mai ta zama ita ce tambayar farko da mai mota yake yi wa bakanike. A wannan nau'i na biyu ne ake samun yawancin asarar da ake yi.

Daga Ina Injunan Suke Zuwa?

A da can Nijeriya tana da kamfanonin harhaɗa manyan motoci. Akwai ANAMMCO a Inugu wanda ya riƙa harhaɗa motocin Mercedes-Benz, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da kuma kamfanin da yake harhaɗa motocin Fiat a Kano. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai kasuwa ta koma ga motoci da kayan gyara na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka da Japan. Su ne ake kira Beljiyam, saboda yawancin na farko ta tashar jiragen ruwa ta ƙasar Beljiyam aka riƙa lodo su. Yarbawa kuma suna kiransu tokunbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku.

Kwantenoni suna sauka a Legas, inda kasuwar Ladipo ta zama uwa ga wannan sana'a. Daga nan kaya suke watsuwa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da ƙauyen makanikai na Apo a Abuja. Wanda ya shiga Apo zai ga injuna jere a ƙasa kamar tukwane a kasuwar ƙauye. Wasu an kawo su tsirara, an datse wayoyinsu da almakashi tun a can inda aka ciro su, domin ma'aikacin da yake kwance mota a Turai ba shi da lokacin zare soket ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma sun zo a cikin rabin mota, wato an yanke motar gida biyu an kawo gabanta, da inji da giya da lagireto da allon gaban direba da makulli. Rabin mota ya fi tsada, amma shi ne ya fi kwanciyar hankali ga wanda zai sauya nau'in inji.

Injin Da da Injin Yanzu

Kafin a je ga zaɓe, ya kamata a fahimci bambancin da ke tsakanin injunan da da na yanzu. Mu ɗauki tsohuwar Mercedes 911, wadda har gobe take ɗaukar hatsi da dabbobi a hanyoyin Arewa. Injinta da aka fi sani shi ne OM352, mai silinda shida da girman lita 5.7, wanda aka fara ƙerawa a 1964. Famfon da yake tura man gas a wannan inji da ƙarfe yake aiki, ba ya neman umurnin kowace na'ura. Wayar da yake bukata ita ce ta tayarwa, da ta cajin batir, da ta agogon zafi da na baƙin mai. Idan ya tashi, ko an cire batir zai ci gaba da aiki. Wannan ne ya sa direbobin da ke shiga daji suke ƙaunarsa.

Injin yanzu kuwa yana da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da makanikai suke kira birenbos. Ita take karɓar labari daga na'urorin ji da aka dasa a jikin inji: mai lura da juyin karanshaf, da mai auna iskar da ke shiga, da mai auna zafin ruwa, da mai shinshinar hayaƙin salansa. Da wannan labari take yanke yawan man da za a fesa da lokacin da wuta za ta kama. Dokokin rage hayaƙi na ƙasashen da ake ƙera motocin su suka kawo haka. A Amurka an wajabta tsarin binciken laifin mota da ake kira OBD-II tun 1996, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Jamus da Ingila kuma sun wajabta na'urar hana satar mota a sababbin motoci a 1998. Saboda haka mafi yawan injunan da suke isowa Apo a yau ba sa tashi sai da ƙwaƙwalwarsu, ita kuma ba ta aiki sai da wayoyinta.

Abubuwan da Ake Dubawa Wajen Zaɓen Inji

Abu na farko shi ne lambar inji. Kowane inji yana da lambar da aka buga a jikinsa, kuma ita ce sunansa na gaskiya. Sunan mota kaɗai ba ya isa, domin Hilux ta sha injuna iri-iri. A na fetur akwai 22R mai kafireto da girman lita 2.4, sai 3RZ-FE mai lita 2.7, sai 2TR-FE wanda ya gaje shi daga 2004, shi ma lita 2.7. A na gas akwai 5L mai lita 3.0, da 5L-E, da 2KD-FTV mai lita 2.5. Mai karatu ya lura cewa harafi ɗaya ne ya raba 5L da 5L-E, amma na farko famfonsa na ƙarfe ne, na biyu kuma ƙwaƙwalwa ce take sarrafa famfon. Wanda bai kula da wannan harafi ba zai iya sayen abin da motarsa ba ta da wayar karɓa.

Na biyu shi ne zama. Dole a auna tsawo da faɗi da tsayin injin a kwatanta da ɗakin inji. A duba inda ƙafafunsa za su sauka a kan shasi, da siffar kaskon baƙin mai na ƙasa, domin a motar da ke ja da ƙafa huɗu kaskon kan iya karo da gatarin gaba. A duba kuma ɓangaren da salansa take fita, kada ta haɗu da sandar sitiyari ko bututun burki.

Na uku shi ne giya. Bakin giyabos dole ya dace da bayan inji, ramin ƙusa da ramin ƙusa, haka nan faifan kuloci. Idan ba su dace ba, sai dai a sayi injin tare da giyarsa, a nan kuma za a shiga aikin rage ko ƙara tsawon farfela. Akwai masu walda da suke ƙera faranti su haɗa inji da giyar da ba tasa ba. Idan aka kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa cin kuloci da boris har ta gaji mai ita.

Na huɗu shi ne ƙarfin lantarki. Ƙananan motoci irin su Hilux suna aiki da bolt 12, yawancin manyan motoci kuma, har da Canter da yawa, suna aiki da bolt 24, wato batir biyu a jere. Idan aka kawo inji daga wancan gida zuwa wannan, sai an sauya sitata da altaneta da duk wata na'urar lantarki da ke jikinsa. Ƙwaƙwalwar da aka yi don bolt 12 tana iya ƙonewa nan take idan aka jona ta da 24.

Na biyar shi ne irin man da za a samu. Injunan gas na zamani suna fesa mai da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, kuma ramukan nozul ɗinsu ƙanana ne ƙwarai. Ruwa ko datti ko kananzir a cikin mai yana kashe su da wuri. Manyan motocin Turai da aka ƙera bisa ƙa'idar Euro IV ta 2005 zuwa sama, da yawansu suna da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue, na baya-bayan nan kuma har da matatar toka a salansa. Idan ƙwaƙwalwa ta nemi waɗannan ta rasa, sai ta rage wa injin ƙarfi da kanta. Mai tifar da ke ɗaukar dutse daga Mpape, ko mai motar da ke shan mai a bakin hanya a wurin 'yan bumburutu, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya.

Na shida shi ne samuwar kayan gyara da masu gyara. Injin da babu wanda ya san shi sai mutum ɗaya a Apo, ranar da ya tsaya a hanyar Abaji ko Bwari mai motar zai gane kurensa. Masu iya magana sun ce da baƙin da ba ka sani ba gara na gida.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafi rai, shi ne burki. Babban inji yana ƙara wa mota gudu da ƙarfin ja, amma bai ƙara wa burki da sifirin da taya komai ba. Wanda ya ga motarsa tana hawa tudu da sauƙi sai ya ƙara mata lodi, ya manta cewa bayan hawa akwai gangara. Duk wanda yake bin gangaren Kugbo a hanyar Nyanya ya san abin da ake gani idan burkin babbar mota ya ƙwace.

Damin Waya

Wayoyin mota a ɗaure suke dami-dami, an naɗe su da tef ko an zura su a cikin roba. Dami biyu ne manya. Akwai na inji, wanda ya haɗa na'urorin ji da nozul da kwayil da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma na jikin mota, wanda yake kula da fitilu da ham da waifa da agogunan gaban direba. Idan an sauya nau'in inji, damin injin yana zuwa daga motar da ta ba da injin, damin jiki kuma na motar da aka dasa wa ne. Aikin mai riwaya shi ne ya ƙulla aure tsakaninsu a wurare ƙalilan: wutar batir, da wutar makulli, da sitata, da famfon mai, da fitilar caji, da agogon zafi da na baƙin mai, da fitilar gargaɗin inji, da kuma soket mai baki 16 da ake jona na'urar bincike.

Ƙa'idar da ƙwararru suke bi ita ce, inji da dami da ƙwaƙwalwa su fito daga mota ɗaya. Ga dalilai.

Da farko, inji iri ɗaya yana iya zuwa da soket dabam-dabam gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi motar dominta. Ƙwaƙwalwar motar da ke sauya giya da kanta ta bambanta da ta mai giyar hannu, za ta riƙa neman labarin giyar da babu ita. Don haka a kwafi lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar a kwatanta.

Na biyu, na'urar hana sata. A cikin kan makulli akwai ɗan ƙaramin guntu mai ɗauke da lamba. Zoben da ke kewaye da ramin makulli yana karanta lambar ya miƙa ta, idan ba ta dace da wadda ƙwaƙwalwa ta sani ba, sai ta hana mai ko wuta. Injin zai yi ta juyi amma ba zai kama ba. Saboda haka makulli da zoben da akwatin na'urar duk suna cikin kayan da za a karɓo.

Na uku, totur. A injin 3RZ-FE igiyar ƙarfe ce ta haɗa ƙafar direba da bakin iska. A 2TR-FE kuwa babu igiya, fedar ce take aika saƙon lantarki. A nan kawuna ya faɗa. Motarsa mai 3RZ-FE ce, mai sayarwa ya nuna masa 2TR-FE ya ce, "Alhaji, ai duk 2.7 ne, wannan ma ya fi sabunta." Bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi cewa wayoyin an datse su, kuma babu ƙwaƙwalwa da makulli da feda ba.

Na huɗu, ɓangaren sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Injin da ya zo daga Japan ko Ingila daga mota mai sitiyari a dama aka ciro shi, kuma damin wayarsa kan ɓullo ta ɗaya gefen. Sau da yawa sai an ƙara masa tsawo ko an sauya wa ƙwaƙwalwa mazauni.

Wajen duba dami, a lanƙwasa waya a gani ko robarta ta bushe tana tsagewa. A leƙa cikin soket a ga ko akwai koren tsatsa, alamar ya sha ruwa. Inda aka ga sabon tef a buɗe, domin a nan ake ɓoye ƙulli. Idan dole sai an haɗa waya, a yi da dalma ko a matse da maƙalin da aka yi don haka, a rufe da robar da zafi yake tsukewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef yana aiki na 'yan makonni, daga baya jijjiga ta sassauta shi. Kada a manta da wayar at da ke haɗa inji da shasi da batir, rashinta yana sa na'urori su riƙa ba da labarin ƙarya. Kada kuma a yarda a maye gurbin fis da zaren waya, domin fis shi ne yake mutuwa a madadin mota. Idan babu shi, dami ne zai yi zafi ya kama wuta.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu ta cire tamosta daga injin Beljiyam, wai don ƙasarmu da zafi. A injin da ke da ƙwaƙwalwa wannan kuskure ne. Injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai.

Gwaji Kafin Biya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mai saye ya je da bakanikensa da mai riwayarsa, kada ya dogara da ɗan kamashon da ya tare shi a bakin kasuwa. A sa sifana a juya karanshaf da hannu a ji ko yana zagayawa ba tare da cijewa ba. A buɗe murfin baƙin mai: idan an ga kauri kamar kwalta, injin bai samu kulawa ba, idan kuma an ga fari-fari kamar madara, ruwa ya haɗu da mai. A kwance fulogi a duba launinsu. Idan da hali a auna matsin kowace silinda, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. A duba kawunan ƙusoshi, domin akwai masu wanke injin da ya gaji a nan gida su fesa masa fenti su sayar da shi da sunan Beljiyam. A kuma rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji a kan rasit, tare da lambar injin.

Tun injin yana ƙasa, ya fi sauƙi a sauya famfon ruwa da robobin da ke tare mai da faifan kuloci. Injunan 5L da 2KD-FTV da bel suke daidaita lokaci, kuma babu wanda ya san tafiyar da tsohon bel ɗin ya yi, don haka a sa sabo.

Maganar Takardu

Lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji ya bar tsohuwar lamba a takarda, ranar da aka tsayar da shi a shingen bincike zai sha tambayoyi, kuma idan injin na sata ne shi za a fara kamawa. Hanyar tsira ita ce a adana rasit mai ɗauke da lambar, a je ofishin jami'an duba motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, a gyara bayanan motar. A Abuja babban ofishinsu yana Mabushi.

Hausar Gareji

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, zaman da na yi a gareji tare da Kawu ya zame mini aji na musamman. Yawancin sunayen sassan mota aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima sun bi tsarin sautin Hausa. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake saƙa wasali a tsakani, kamar a fulogi da burki da kuloci da sitiyari. Hausa ba ta da sautin da ake rubutawa da harafin p a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, sai ya koma f, kamar a fistin da famfo da farfela. A lagireto kuwa har musayar gurbi da sauyin baƙaƙe aka samu. Kalmar riwaya ta fi ba ni sha'awa: a aji mun san ta da ma'anar labarin da aka karɓo daga wani, kuma daga Larabci take, a gareji kuwa sunan sana'ar gyaran wayar mota ce, daga kalmar Ingilishi mai nufin sake jan waya. Asali biyu, lafazi ya haɗa su.

Akwai kuma faɗaɗa ma'ana. Inji yana bugawa, mota tana shan mai, giya tana cijewa, burki yana ƙwacewa, batir yana mutuwa. Haka nan sunayen motoci irin su a-kori-kura da gingimari da tifa da tirela. Wannan fage ne da ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai samu abin rubutawa.

Kammalawa

Daga ƙarshe sai da aka samo wa Kawu dami da ƙwaƙwalwa da makulli da feda daga wani rabin mota, a kan kuɗin da da ya haɗa tun farko da ya sayi komai a dunƙule har da canji. Lokacin da motar ta tashi, kakar sabuwar doya ta yi nisa, abokan cinikinsa sun kama wasu direbobi, bashi kuma yana jiransa. Ranar da muka fito da ita daga gareji, mai riwayar ya ce masa, "Maigida, gaba in za ka sayi inji, ka fara tambayar wayarsa kafin ka tambayi kuɗinsa."

A taƙaice, an ga cewa mafi sauƙi shi ne a mayar da irin injin da aka cire. Idan kuwa dole sai an sauya nau'i, a tabbatar da lamba da zama da giya da ƙarfin lantarki da irin mai, a karɓi inji da dami da ƙwaƙwalwa da makulli daga mota ɗaya, a gwada kafin a biya, a kuma gyara takardu. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida ne. Allah ya tsare mu da asara, ya kai direbobinmu gida lafiya, amin.